Neman kalma: me za a kira "amortisseur réglable" a rediyo?

Mai Shirin Asabar (Garwa):
Salamu alaikum jama'a. Ranar Juma'a da safe zan naɗi shiri, kalma ɗaya kuwa ta tsaya mini a maƙoshi. Shirin na sana'o'i ne, wannan makon a garejin wani dattijo za mu yi shi. Yana tayar da wata tsohuwar Peugeot 504 da ta daɗe a jingine kan duwatsu. Ya kwance ƙafafunta duka huɗu, ya canza robobi, ya sa sabon sifirin. Abin da ya rage ya ɗaura, takardar cikin kwalin ta kira shi *amortisseur réglable* da Faransanci. Shi dattijon "amotisa" yake cewa ya wuce abinsa. To amma daga nan Kamaru ana jin mu har ƙetaren iyaka, wajen Yola, su kuma can ba Faransanci aka koya musu ba. Abu biyu nake nema: sunan ƙarfen, da yadda zan ce *réglable* ba tare da numfashina ya ƙare ba. A taimaka kafin daren Alhamis.

Bakano a Garwa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Shokozoba. Shokozoba mai saiti. Daga Ƙofar Ruwa har Jimeta duk mai sayar da kayan mota haka zai ce miki. An gama, a kawo wata tambayar.

Direban Kusiri:
Ba a gama ba, Alhaji. Ka tsaya a tashar Kusiri ka ce shokozobarka ta mutu, wallahi kantin magani za a nuna maka. Daga nan har Injamena amotisa muka sani.

Ɗaliba daga Injamena:
Tunda aikinsa shanye dukan hanya ne, me zai hana a ce mashayin gargada? Gargada dai tamu ce, kowa ya san ta.

Direban Kusiri:
Ƙanwata, ki ce a rediyo an ɗaura wa motar Alhaji mashaya huɗu? Kafin la'asar an kai ƙara gaban liman.

Baba Bakanike (Marwa):
'Yata, kafin a raɗa wa abu suna a san aikinsa. Ba shi ke shanye duka ba, wannan aikin sifirin ne. Sifirin ke ɗauke da nauyin mota, shi ke lotsawa in taya ta hau tudu. Matsalarsa ita ce in ya lotsa ya miƙe, sai ya sake lotsawa ya sake miƙewa, bai san tsayawa ba. Shi kuwa amotisa bututu ne cike da mai, da sanda mai fistin a cikinsa. Fistin ɗin na da 'yan ƙananan ƙofofi, dole man ya matsu ya bi ta cikinsu duk lokacin da sandar ta motsa. Wannan matsuwar ce ke kashe rawar, ƙarfin ya koma zafi. Wanda ya taɓa sa hannu a jikinsa bayan an sauko daga hanyar Mora ya san abin da nake faɗa.

Ki ce wa dattijon naki ya danna kusurwar motar da ƙarfi ya saki a gabanki. In amotisa na da rai, za ta ɗago sau ɗaya ta tsaya cak. In ya mutu za ki ga tana ta rausaya. A wajena sifirin doki ne, amotisa linzaminsa.

Malamin Hausa (Ngaundere):
Madalla da Baba, ya share mana hanya. Amma ina mamakin yadda aka fara da zaɓe tsakanin aron Ingilishi da aron Faransanci, kamar harshenmu ya rasa hannu da ƙafa. Muna da ƙa'ida. Daga buɗe muka sami mabuɗi, daga duba madubi, daga auna ma'auni. To me wannan ƙarfen ke yi? Sifirin ya fusata, shi kuma yana kwantar masa da hankali a hankali, ba da tsawa ba. Wannan lallashi ne. Saboda haka: MALALLASHI. Jam'i malallasai. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina ita, ba wanda ya taɓa kasa riƙe ta.

Bakano a Garwa:
Allah gafarta Malam, malallashi ai mijin da uwargida ta yi wa yaji ne.

Malamin Hausa (Ngaundere):
Dariya ba hujja ba ce. Haka aka yi wa duk sabuwar kalma dariya ranar farko.

Mai Shirin Asabar (Garwa):
Malam, kalmar ta yi mini daɗi a baki, ban ɓoye ba. Tsorona shi ne direban da ke jin mu a mota ba zai gane wane ƙarfe ake nufi ba, ni kuma minti ashirin kaɗai aka ba ni. Ku taimaka da ɓangaren *réglable* ɗin tukuna. Baba, shin me ake juyawa a jikinsa? Na ga nasa jajaye ne, an rubuta Koni, ban kuma ga wani maɓalli ba.

Baba Bakanike (Marwa):
To, wannan na Holan ne, tsohon yayi, ba za ki ga maɓalli ba. Iri biyu na sani. Akwai mai ɗan maɓalli a gindi ko a ka, yana jikin mota kake juya shi, kana jin ƙas-ƙas kana ƙirgawa. Shi kuwa jan sai an ciro shi daga mota. A damƙe gindinsa a ƙarfen matsi na kan teburi, a tsaye. In akwai robar tsayarwa a jikin sandar a cire ta. A danna sandar har ƙasa, ana dannawa ana juya ta hagu sannu a hankali, har ka ji ta faɗa cikin gurbinta. Ka ci gaba hagu har ta tsaya, nan ne mafi laushi. Daga nan kake ƙirga rabin juyi zuwa dama, kowane rabi yana ƙara tauri. Duka-duka wajen rabi biyar ne, kada a tilasta in ta tsaya. In ka gama, ka ja sandar sama kamar santimita ɗaya ba tare da ka juya ba, don ta fita daga gurbin. A mayar da robar, yara suna yawan manta ta a kan teburi.

Abin da ka yi wa na dama, shi za ka yi wa na hagu, ƙirge ɗaya. In ɗaya ya fi ɗaya tauri, a kwana za ka gane kurenka.

Kuma ki lura, wannan juyin ba ya taɓa lotsawa. Miƙewa kawai yake ƙara wa tauri, abin da Faransawa ke ce wa *détente*.

Ɗaliba daga Injamena:
Yawwa, ga biyu sun samu ba gardama: lotsawa da miƙewa. Na rubuta. Shi kuma *réglable* ɗin, "mai daidaituwa" fa? Kamar yadda ake cewa abu mai gyaruwa.

Malamin Hausa (Ngaundere):
Nahawunki daidai ne, 'yata. Malallashi mai daidaituwa. Ku ji yadda ta zauna.

Direban Kusiri:
Malam, kafin a gama furta wannan an wuce Waza.

Bakano a Garwa:
Ni ban ga abin wahala ba. Saiti kowa ya san shi, saitin rediyo, saitin kabireta. Kuma a faɗi gaskiya, 504 ɗin nan da kuke magana, a Faransa aka haife ta a 1968, amma a Kaduna ta tsufa. Tun 1975 ake haɗa Peugeot a can, ita 504 kuwa sai da aka shiga shekarun 2000 ana fitar da ita sabuwa. Wanda ya fi daɗewa da mota shi ya fi cancanta ya raɗa wa kayanta suna. Ballantana Hausar da ake rubutawa a littafi tamu ce.

Direban Kusiri:
Ga shi nan, an zo wajen. Kullum sai an tuna mana cewa mu 'yan rakiya ne. Alhaji, kakannina sun yi fatauci a Adamawa da Hausa tun ba a ja iyakar nan ba.

Bakano a Garwa:
Ba raini ba ne. Amma ku da kuke cewa "mota ya zo", ku bari a gyara muku mota ta zama mace tukuna, sannan a shiga cikinta.

Direban Kusiri:
Motar dai tana zuwa ko ya zo ko ta zo. Kai da ka shekara nawa a Garwa, har yau Fulatancin cefane ya gagare ka.

Malamin Hausa (Ngaundere):
Ku biyun abu ɗaya kuke yi, kowa na kare Baturensa. Ɗaya na Landan, ɗaya na Faris. Wanda ya ce jirgin sama bai je ya aro ba, ya dubi jirgin ruwan da ya sani ya ɗaga shi sama. Me ya same mu yau?

Ɗaliba daga Injamena:
Allah gafarta Malam, da girmamawa nake tambaya. Allo da alƙalami da littafin da kake koyarwa da su, ba daga Larabci suka zo ba? Mota fa, da taya, da birki? Kuma an ba mu na'ura mai ƙwaƙwalwa, ga shi kowa kwamfuta yake cewa, sai mai karanta labarai. Ni ina ganin kalmar da ta riga ta shiga gareji ba ta fita da takarda.

Malamin Hausa (Ngaundere):
Waɗancan sun shiga sun yi wanka sun sa rigarmu. Shokozoba ko alwala ba ta yi ba.

Baba Bakanike (Marwa):
Ku yi ta faɗanku, ni bari in ƙarasa wa yarinyar nan abin da zai amfani mai sauraro. Na farko, ƙafar gaba ta 504 amotisa da sifirin a haɗe suke, sifirin na zagaye da shi a matse. Ba a kwance notin sama sai an kama sifirin da abin matse shi. Wanda ya ɗaure da igiya ko waya yana wasa da fuskarsa ne. Na biyu, ki tambaye shi wace 504 ce, don bayansu ba ɗaya ba ne. Ƙaramar, wata kowace taya ta baya da hannunta, wata kuma gatari ɗaya gare ta, doguwar ta iyali gatari ɗaya ne ya haɗa tayoyin, a-kori-kura kuwa sifirin faranti gare ta. Amotisan wannan ba ya shiga waccan. Na uku, kusoshin da suka ratsa roba, kada a ƙarasa ɗaure su mota na rataye a jak. A sauke ta, ta zauna da nauyinta, sannan a ɗaure. In ba haka ba robar a murɗe za ta zauna, ba za ta daɗe ba ta tsage.

Sai babban kuskuren samari: su ga abu na ƙaruwa, su kai shi ƙarshe. A kwalta mai santsi za ka ji daɗi. A gargada kuwa, taya ta hau tudun farko, ba ta gama miƙewa ba na biyu ya iso, motar ta yi ta duƙawa, tayar ta daina kama ƙasa, bayan ya fara wulli. Ga tsohon jiki, wajen da amotisa ke ɗaure a sama in tsatsa ta ci shi, taurin ne zai ƙarasa shi. Sabo, a fara daga laushi. In ya kwana biyu ya saki, a ƙara rabi ko biyu. Amfanin mai ƙari da ragi ke nan.

Mai Shirin Asabar (Garwa):
Baba, tsaya! "Mai ƙari da ragi." Ka faɗe ta ba ka ma lura ba.

Direban Kusiri:
Wannan ta yi. Ko yaron mota zai gane.

Bakano a Garwa:
Ta fi saiti tsawo da gaɓa huɗu, amma ba laifi.

Malamin Hausa (Ngaundere):
Hausa ce tsantsa, ban ƙi ba, ko da yake bayani ce ba suna ba. Sauran sunan.

Mai Shirin Asabar (Garwa):
Ga yadda zan yi, don dare ya yi. A buɗe shiri zan ce "amotisa, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira shokozoba", sau ɗaya. Daga nan amotisa mai ƙari da ragi har ƙarshe, tunda shi dattijon da zan yi hira da shi haka bakinsa ya saba, ba zan tsaya ina gyara wa sa'an mahaifina magana a garejinsa ba. Wajen bayani zan ari linzamin Baba, da lotsawa da miƙewa. Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri.

Bakano a Garwa:
Wato mu ne a baya. To, rediyonku ne.

Malamin Hausa (Ngaundere):
Malallashi fa? Ko sau ɗaya, 'yata, ki ce "wasu malamai na kiransa". A bar wa masu sauraro su yanke hukunci.

Mai Shirin Asabar (Garwa):
In lokaci ya rage, Malam. Ban yi alkawari ba.

Malamin Hausa (Ngaundere):
Ba zai rage ba, na sani. Ni dai tana cikin jarrabawar ɗalibaina.

Baba Bakanike (Marwa):
Abu ɗaya, 'yata. In kin ce ƙari da ragi, ki bi shi da "na tauri". In ba haka ba ranar Litinin za su cika mini gareji, kowa na so a ƙara wa motarsa tsayi don ta ƙetare ruwa da damina. Wannan ba ya ɗaga mota ko da yatsa ɗaya, tsayi na wajen sifirin.

Ɗaliba daga Injamena:
Robobin nan da Baba ya ce kada a ɗaure a jak, mu silambulok muke cewa. Ku fa?

Bakano a Garwa:
Bushin.