Majinyaci ya tambaye ni ko ayyukansa sun isa: ku me kuka ce a irin wannan hali?

Mai Ziyarar Marasa Lafiya: Salama a gare ku, 'yan'uwa. Ina cikin masu zuwa duba marasa lafiya a ikilisiyarmu. Wani dattijo da ya tsufa cikin hidima, wanda ba a taɓa jin ya yi fashin ushiri ba, ya riƙe hannuna ya ce, "'Yata, kina ganin abin da na yi ya isa Allah ya karɓe ni?" Na buɗe masa Afisawa 2:8-9, inda Bulus ya ce ta wurin alheri aka cece mu, ta wurin bangaskiya, kyautar Allah ce, ba ladan aiki ba, don kada kowa ya yi fahariya. Ya yi shiru, can ya ce, "To, duk wahalar da na sha fa?" Abin ya tsaya mini a rai. Ku da kuka taɓa zama a bakin gado irin wannan, me kuka faɗa?

Tsohon Malamin Makarantar Lahadi: 'Yar'uwa, in kin koma ki ƙara masa aya ta 10. A can aka ce mu aikin hannun Allah ne, an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyukan da Allah ya riga ya shirya mana. Wahalar baba ba ta tafi a banza ba, sai dai ba da ita aka biya kuɗin ransa ba.

Tawa mahaifiyar kuwa, laifofinta take ƙirgawa, ba alheranta ba. Da dare sai ta tashi tana tuno wata magana mai zafi da ta taɓa faɗa wa surukarta tun tana amarya. Na karanta mata labarin ɓarawon nan da aka gicciye tare da Yesu a Luka 23. Hannuwansa a kafe suke, ba damar ba da sadaka, ba damar sauka ya gyara ɓarnar da ya yi. Roƙo kawai ya yi a tuna da shi, Yesu kuwa ya ce masa a ranar nan za su kasance tare a Firdausi. Ta sa na maimaita mata wurin, daga nan ta samu barci.

Katikis: Ni ɗan Katolika ne, nakan raka Fada idan zai je shafa wa majinyaci mai. Yana yi mini ciwo in ji ana cewa mu muna sayen sama da aiki. Majalisar Trent, babban taron bishop-bishop na Katolika, a dokarta ta 1547 kan baratarwa, wato yadda Allah yake karɓar mai zunubi a matsayin mai adalci, ta tsine wa koyarwar da ke cewa mutum zai iya barata a gaban Allah da ayyukansa ba tare da alherin Allah ta wurin Yesu Almasihu ba. A ranar 31 ga Oktoba, 1999 kuma, a Augsburg ta ƙasar Jamus, wakilan Katolika da na Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu kan cewa da alheri kaɗai Allah yake karɓar mu, Ruhu Mai Tsarki kuma shi ne yake kiran mu zuwa ayyuka nagari. Bambanci bai ƙare ba, musamman kan batun lada, amma tushen ɗaya ne.

Abin da na gani da idona: wani mutum ya furta zunubansa, Fada ya fito, sai mutumin ya sa a kira masa ƙanensa. Akwai kuɗin gado da ya danne shekara da shekaru. Hannunsa na rawa ya sa hannu a takarda ya mayar. Ba wanda ya ce masa sharaɗi ne. Na tuna da Zakka a Luka 19, wanda sai da Yesu ya shiga gidansa tukuna ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu.

Ma'aikaciyar Jinya: Baba Malam, ku yi haƙuri, ni akasin haka ma na gani, kuma ya fi ba ni tsoro. Wani majinyaci kullum bakinsa "alheri ya rufe komai," amma ɗansa ya zo har ƙofar ɗaki yana kuka yana neman gafara, ya ce kada a bar shi ya shigo. Yakubu 2:19 ya ce aljanu ma sun gaskata, har suna rawar jiki. Ban yanke masa hukunci ba, wannan na Allah ne. Amma irin wannan mutum ba labarin ɓarawo yake bukata ba. Na roƙi faston da ke zuwa wurinsa ya karanta masa Matiyu 18, labarin bawan da aka yafe wa babban bashi ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa saboda ɗan kaɗan.

Tsohon Malamin Makarantar Lahadi: Gaskiyarki, 'yata. Shi ya sa nake fara sauraro kafin in buɗe Littafi. Mai tsoro daban, mai taurin kai daban. Ya bar yaron ya shiga daga baya?

Ma'aikaciyar Jinya: An canza mini ɗaki kafin a sallame shi, Baba. Na dai ga yaron ya ci gaba da zuwa, yana zama a benci a waje. Ku sa su duka biyun cikin addu'a.