Shara ɗaya, hukunci biyu: abin da manoma da masu injin casa suka tattauna a Daura

Tambayar da ta ɗauki lokaci a zaman ita ce: me ya sa ake ƙyale manomi da tulin kara da kashin shanu, amma mai injin casar shinkafa a bi shi da takarda saboda buntu?

Amsar da aka fi yarda da ita: doka tana duba inda sharar ta fito da inda za ta. Kara da harawa da ƙaiƙayi suna komawa gona ko bakin dabba, don haka ba a matsa wa manomi. Da zarar ka kafa inji kana sarrafa abinci don sayarwa, ka shiga layin masana'antu. NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin masana'antun abinci da abin sha a 2009, kuma ruwan da masana'anta ke zubarwa na cikin abin da suka fi sa wa ido.

Nan masu gumi, wato masu jiƙa shinkafa su turara ta kafin casa, suka fi shan faɗa. Ruwan jiƙon shinkafa idan ya kwana a kwata, tsami yake yi, ya yi baƙi, sauro ya samu gida. Shawarar dattawa: a haƙa rami a bayan injin, ruwan ya kwanta kafin a sake shi. Buntu kuwa kuɗi ne. Masu kaji na shimfiɗa shi, wasu na hura wutar gumin da shi.

Manomi ma bai tsira duka ba, domin wata ƙa'idar NESREA ta 2011 ta hana cinna wa daji da shara wuta barkatai. Wani dattijo ya ce, "Alhaji, kai da ke ƙona kara, Katsinawa masu kiwo saye suke yi."