Neman gida a Amurka in kai baƙar fata ne: shawarwarin da muka tattaro

A zaman da muka yi kan wariyar launin fata a harkar gidaje, masu magana sun fi nanata abu ɗaya: ka san dokar Amurka ta 1968 kan adalci a harkar gidaje, wadda aka sa wa hannu mako guda bayan kisan Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata. Ta haramta hana mutum haya ko sayen gida saboda launinsa.

Dokar kaɗai ba ta isa ba. Tun shekarun 1930 aka zana unguwannin baƙaƙe da jan layi a taswira, bankuna suka ƙi ba su rance, kuma tabon yana nan. Shi ya sa aka ce ka ajiye shaida: saƙonnin dillali, ranar da ka kira, da abin da aka faɗa maka. In an ce maka gidan ya tafi, ka sa wani ya sake tambaya. Wannan shawarar ta fi kwanta mini, domin da murmushi ake irin wannan wariyar.

In an karya darajar gidanka wajen ƙiyasi, nemi a sake. Ƙorafi kuwa, shekara ɗaya kake da ita daga ranar da aka yi maka wariyar ka kai wa ma'aikatar gidaje ta tarayya.