Me ya sa ƙunar 'yan mata ta fi ta samari muni?

Uwar Biyu: Jama'a, 'yata mai shekara 14 ta ƙone da hijabinta ya kama wuta a gaban risho. A asibiti na tarar 'yan mata sun fi yawa, ko haka abin yake a ko'ina?

Ma'aikaciyar Jinya: Allah ya ba ta lafiya, Hajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙuna tana kashe kimanin mutum 180,000 duk shekara, kuma mutuwar mata ta ɗan zarce ta maza, saboda girki a buɗaɗɗiyar wuta da tufafi masu yalwa. Yadin roba kuwa narkewa yake yi ya manne wa fata.

Makaniki: Samari a wurin sana'a suke ƙonewa, musamman 'yan bumburutu da masu zuba wa janareta fetur yana aiki.