Giwar da nake zanawa ta ƙi yin rai, ina matsalar take?

Ɗan Gwallaga:
Assalamu alaikum. A watan Maris na je Yankari, muka yi sa'ar cin karo da garken giwaye kusa da kogin Gaji, na ɗauki hotuna da waya daga cikin mota. Sati uku ke nan ina zana uwar garken da fentin akrilik. Na ja layukan murabba'i a kan hoton da kan kyallen, girma ya fito daidai, amma da na shafa fenti sai ta koma kamar dutsen da aka ajiye a daji. Wannan zanen na mahaifina ne, shi ya fara kai ni Yankari ina yaro, ba na so in miƙa masa abin da bai gamsar da ni ba.

Baba Mai Burushi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ina kyautata zaton da tsakar rana ka ɗauki hoton, kuma ka kwafi inuwar yadda waya ta ba ka, baƙa ƙirin. Ido ba ya ganin inuwa haka. Ajiye baƙin fentin nan gefe, ka haɗa shuɗi da ruwan ƙasa, ka ɗan ɗiga ja a ƙarƙashin ciki, inda hasken ƙasa ke komawa jikinta. Sannan giwa ba toka-toka ba ce zalla. Tana birgima a taɓo, tana watsa wa bayanta ƙura, launin ƙasar wurin ne a jikinta. Kada kuma ka bi kowace tamoji ka zana. Ka tsananta a ido da gindin haure da hanci, sauran jiki ka bar shi sakwa-sakwa.

Yar Yamai:
Yaya, idan ganye ya rufe wani sashe kuma za ka cike da hoton intanet, ka duba wace giwa ce. Ta Asiya kunnenta ƙarami ne, bayanta a tashe, yatsa ɗaya ne a bakin hancinta. Tamu ta Afirka yatsa biyu gare ta, ga faffaɗan kunne, bayan kuma ya ɗan lotsa.

Ni raƙuman dawan Kure, wani gari kusa da Yamai a Nijar, nake zanawa. Na daɗe ina ɓata ƙafafunsu, sai da na zauna a kasuwar dabbobi da fensir ina kallon raƙuma, na gane cewa su ma ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya suke ɗagawa tare. Hoto ɗaya bai taɓa nuna min wannan ba. In kuwa hoton wani ne, ka nemi izininsa tukuna.

Ɗan Gwallaga:
Baba, ka faɗi daidai, wajen ƙarfe ɗaya na rana ne. Yar'uwa, kunnen hagu daga intanet na ɗauko shi, yanzu na duba, na Asiya ne. Akwai ɗan bidiyo na daƙiƙa 40 a wayata da ban ko buɗe ba, da shi zan sake kunnen da ƙafafun gaba. Allah ya saka da alheri.