Sosej marar nama: wanne kuka ci, wanne kuma zai iya zama a Sakkwato?

Uwargida daga Mabera:

Assalamu alaikum. Likita ya umarci maigidana da ya rage jan nama, musamman wanda aka sarrafa aka cika shi da gishiri, saboda hawan jini da ya fara damunsa. Naman miya an rage shi ba tare da gardama ba. Abin da ya gagara shi ne sosej ɗin da shi da yara suka saba ci da burodi da safe, da wanda nake yankawa cikin taliya. Ƙanena da ke aiki a Ingila zai zo gida, ya kuma ce a can kantuna cike suke da sosej da ba a sa nama ba, wani da ƙwai ko madara a ciki, wani kuwa babu komai na dabba. Kafin in ce ya ɗauko, ina so in ji daga bakin waɗanda suka ci: wanne ya fi daɗi, wanne yake jure suya, wanne kuma zai iya zama a gidan da wuta ba ta daɗewa?

Malamin jami'a daga Arkilla:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba maigida lafiya. Na yi karatu a wani ƙaramin gari na Ingila inda mahaucin halal mafi kusa sai an shiga jirgin ƙasa, saboda haka wannan abinci ne ya riƙe ni tsawon zamana, ba don na ƙi nama ba.

Wanda na fi so shi ne na Linda McCartney, kamfanin da ya fara aiki a 1991, musamman mai jar albasa. Da furotin ɗin waken suya ake yin sa, kuma idan an gasa shi bayansa yana yin ƙarfi ya yi launin ƙasa, cikinsa kuma ya ba haƙori abin tauna, wanda shi ne abin da mai son nama yake nema tun kafin ya nemi ɗanɗano. Na biyu a wurina shi ne Quorn, wanda ya shiga kasuwa a 1985. Shi ba wake ba ne. Wani ɗan ƙaramin tsiro ne dangin laimar kwaɗi, da ake renonsa cikin manyan tankuna ana ciyar da shi sukari, sannan a tace a matse. Ya fi laushi, ɗanɗanonsa kuma ba ya da ƙarfi, don haka ya fi kyau a cikin miyar tumatir, inda yake shan yajin da aka ba shi. Yawancin kayan Quorn da farin ƙwai ake haɗe su, sai dai nau'in da aka rubuta cewa babu komai na dabba, wanda ake haɗewa da furotin ɗin dankalin turawa. Ga taliyar yara, Hajiya, Quorn zan ce. Ga burodin safe na maigida kuwa, na farkon.

Ma'aikaciyar jinya daga Gawon Nama:

Malam ya yi bayani mai kyau a kan daɗi, amma Yaya, tunda hawan jini ne ya kawo maganar, ina roƙonki ki duba gishiri kafin komai. Na sayi wani nau'i a Abuja domin mahaifiyata, da na juya kwalin na tarar gishirinsa bai gaza na mai nama ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, duk abincinsa a haɗe. A kwalayen Ingila aikin ya zo da sauƙi, domin kamfanoni da yawa suna yi wa abin da gishirinsa ya wuce giram 1.5 a cikin giram 100 jar alama a gaba. Ki ce wa ƙanenki ya bar mai jar alama a kanti. Gaskiya ne cewa a 2015 sashen binciken ciwon daji na wannan hukuma ya saka naman da aka sarrafa cikin abubuwan da ke haddasa ciwon dajin hanji, kuma marar nama ya kuɓuta daga wannan jeri, amma jijiyar jini ba ta tambayar ko gishirin daga wake ya fito ko daga saniya.

Injiniya daga Bado:

Ni a Amurka na ci nawa, lokacin da aka tura mu horo. Duk wanda yake neman abin da ya fi kama da nama, ban ga na biyun Beyond Sausage ba. Kamfanin na Kalifoniya ne, an kafa shi a 2009, kuma a lokacin da na ci, da furotin ɗin koren wake irin na turawa da man kwakwa yake yin sosej ɗinsa, ya sa masa siririyar fata da aka samo daga ciyawar teku. Idan ya hau wuta yana tsatso mai yana ƙara, fatar kuma tana fashewa a baki. Na taɓa ba wani abokin tafiyata, Bazamfare, ya cinye biyu yana yabon saniyar ƙasar kafin na nuna masa kwalin.

Sai dai akwai abu biyu da zan ƙara. Na farko, irin waɗannan da zafinsu ake cin su, domin sinadarin da yake haɗe su yana ƙarfi ne idan ya ji zafi, ya saki idan ya huce, shi ya sa wanda aka zuba wa yaro a kwanon makaranta yakan yi laɓo-laɓo kafin lokacin tara. Na biyu ya fi nauyi. Rashin nama ba shi ne halal ba. Field Roast, wanda ake yi da danƙon alkama kuma yana da ɗanɗano sosai, nau'insa na Italiya akwai jar giyar inabi cikin kayan haɗinsa, Tofurky ma yana da wani nau'i da ake dafawa da giya, kuma dukansu sun rubuta hakan a fili a jikin kwali. Saboda haka a karanta jerin kayan haɗi tun daga farko har ƙarshe, kada a tsaya a kan hoton ganye da ke gaba.

Mai tsire daga Kasuwar Daji:

Ku gafarce ni, manyana, ni ɗan mahauta ne kuma a bakin tukuba na tashi. Wani mai sayen tsire a wurina ya taɓa kawo mini irin wannan abu daga Legas ya ce in gasa masa. Na tsire shi, na shafa man gyaɗa, na barbaɗa yajin ƙuli, na jera shi nesa da garwashi. Abin da na lura shi ne ba ya son wuta mai ƙarfi ko kaɗan, domin ba shi da kitsen da zai kare shi, kuma yana bushewa tun kafin tsiren da ke gefensa ya yi rabin nuna. Da na ɗanɗana, yajina na ji da hayaƙina. Ban ce ba shi da daɗi ba, Hajiya, amma idan har yaji da hayaƙi ne suke yin aikin, ban ga dalilin ɗauko shi daga Ingila ba, alhali ga awara nan a bakin kowace makaranta.

Malamin jami'a daga Arkilla:

Maganarka tana da ƙamshin gaskiya, Malam, amma awara ba ta da tauna. Tana narkewa ne a baki, shi kuwa mutumin da aka raba da nama haƙorinsa ne yake fara kewa.

Mai girkin biki daga Runjin Sambo:

Ku duka biyun kun yi daidai, kuma abin da ya raba ku shi ne abin da na daɗe ina aiki a kansa. An taɓa ba ni aikin abincin wani taro da ke da baƙi 'yan Indiya, aka gaya mini cewa ba sa cin nama ko kifi, wasu cikinsu ko ƙwai ba sa ci, amma suna shan madara, wata mata guda kuwa ko man shanu ba ta taɓawa. A nan na gane cewa bambancin nan da ƙanenki ya faɗa miki, 'yata, ba na takarda ba ne, a tukunya yake. Wanda aka yarda a sa masa ƙwai ba ya ba mai girki wahala, domin ƙwai yana riƙe komai. Wanda babu komai na dabba a ciki shi ne yake neman dabara, kuma dabarar tana cikin fulawa.

Ga yadda nake yi. Ina kwaɓa fulawa da ruwa ta yi tauri, in bar ta ta huta kamar awa ɗaya, sannan in sa ta cikin ruwa in yi ta murzawa a hankali ina canza ruwan har ya daina yin fari. Abin da ya rage a hannu wani abu ne mai danƙo da jan jiki, ba ya kai rabin abin da aka fara da shi, kuma shi ne danƙon alkamar da Injiniya ya ambata. Shi kaɗai ya cika tauri, awara kaɗai ta cika laushi, amma idan aka murmushe ɗanyar awarar da aka matse ruwanta sosai aka haɗa su kusan daidai wa daida, sai a sami taunar da Malam yake nema. Ina soya albasa mai yawa da man gyaɗa har ta yi ja, kuma mu da muke da albasar Goronyo da ta Wurno ba mu da uzuri a nan. In daka tafarnuwa da citta da masoro da kanumfari da ɗan tarugu, in zuba garin ƙuli-ƙuli, sannan in kawo daddawa. Daddawar kalwa ita ce take ba shi nauyin nan na romo, kuma da ita ce nake rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano har kusan babu, wanda ya amsa damuwar 'yata mai aikin jinya. Sai in mulmula shi dogo-dogo, in naɗe da ganyen ayaba in ɗaure bakin biyu, in turara a madambaci kamar alala na kusan minti 40. Kada a kwance shi da zafi. Sai ya huce ne yake kama jikinsa. Bayan nan ana iya soya shi sama-sama ko a kai wa mai tsire.

Na ci na kanti a gidan wata ƙawata a Abuja, kuma ba zan ɓoye ba, nasu ya fi nawa santsi da kyan gani, fatar nan da ke fashewa kuwa ban san yadda zan yi ta a gida ba. Amma baƙin nan sun nemi ƙari, matar da ba ta cin man shanu har ta tambayi sunan abin da ke ba shi ƙamshi.

Ɗan kasuwa daga Tudun Wada:

Inna ta kawo mafita, ni kuma zan kawo maganar hanya, domin na ɗanɗana kuɗarta. A Afirka ta Kudu na fara cin na Fry's, kamfani ne da wani iyali ya fara a yankin Durban a 1991, kuma kayansa babu komai na dabba a ciki. Suna da nau'in da aka yi musamman domin gashi a kan garwashi, tunda mutanen can ma'abota gashi ne kamar mu, kuma shi ne na fi so cikin duk waɗanda na ci, saboda yana jure wuta kuma yajinsa bai yi nisa da namu ba.

Amma duk waɗannan da aka lissafa kayan sanyi ne, ko na firji ko na ƙanƙara. Na taɓa ɗauko wani nau'i daga Abuja a cikin kula da ƙanƙara a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato yake wuce maki 40, kuma kafin mu wuce Talata Mafara ƙanƙarar ta zama ruwa, da muka iso gida kuwa babu wuta. Abin da ya narke ya kwana a zafi ba a mayar da shi ƙanƙara, haka muka soye shi duka a daren muka rarraba wa maƙwabta. Wanda zai taso daga Ingila, ya sauka Abuja ko Legas, ya jira jirgin Sakkwato, hanyarsa ta ninka tawa. Shawarata, Hajiya, ita ce ƙanenki ya nemo busasshen garin haɗin sosej marar nama da ake sayarwa a can cikin fakiti, wanda ruwan sanyi kawai ake zuba masa a jira ya kumbura a mulmula. Bai kai Fry's ko Beyond daɗi ba, amma ba ruwansa da firji, kuma ana kwaɓa iya wanda za a ci.

Uwargida daga Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Zan ce ya kawo busasshen garin, ya kuma duba alamar gishiri da jerin kayan haɗi kamar yadda aka faɗa. Inna, naki zan gwada a ƙarshen mako, amma ganyen ayaba yana wuyar samu a unguwarmu, kuma ina so in san kwana nawa yake yi bayan an turara shi.

Mai girkin biki daga Runjin Sambo:

Idan babu ganyen ayaba, 'yata, ki nemi ganyen da masu alala suke sayarwa a kasuwa, ko farar takardar gashi mai ƙyalli. Leda kam ban yarda da ita a kan tururi ba. Awara ba ta da haƙuri da zafi, saboda haka a wannan yanayi wanda aka turara da safe a cinye shi kafin dare. Idan firjinki yana samun wuta sosai zai kai kwana uku, amma da zarar kin ji ya fara tsami ko bayansa ya yi yauƙi, ki zubar. Ki fara da gwangwani huɗu na fulawa kawai, kuma ruwan farko da kika wanke ta da shi kada ki zubar: ki bar shi ya kwanta, ki tsiyaye na sama, ki ɗebi cokali biyu na farin da ya zauna a ƙasa ki mayar cikin haɗin, domin shi ne yake hana shi farfashewa a cikin mai.