Agogo mai "complication": da wace kalma za mu kira shi a Hausa?

Jama'a, salamu alaikum. Ga wata kalma ta masu agogo da nake so mu tsayar mata da Hausa, domin duk wanda zai yi rubutu a kan agogon alfarma irin Patek Philippe dole ya ci karo da ita. Kalmar ita ce "complication". Haka masu ƙera agogo a Suwizalan ke faɗinta da Faransanci, haka ma take a Turanci.

A wurinsu, duk abin da agogo mai wani yake yi bayan nuna awa da minti da sakan, to shi ne wannan abu. Ba agogon batir ake magana ba. Agogo ne mai sifirin da ƙananan haƙora, wanda ake yi wa wani da hannu, ko motsin hannun mai shi ya riƙa yi masa. Nuna kwanan wata yana ciki. Akwai mai nuna girman wata a sama, daga jinjiri har ya cika. Akwai kalandar da ta san wata mai kwana 30 da mai 31, ta kuma san shekarar da Fabrairu ke yin 29, ba za a taɓa ta ba sai 2100. Wanda ya fi burge ni shi ne mai buga lokaci: ka ja ɗan ƙarfe a gefensa, ƙananan guduma su buga maka awa da kwata da minti, kowanne da amonsa, ko da cikin duhu kake.

Fassarar da aka fara kawowa ita ce "rikitarwa". Ban yarda da ita ba sam. Bahaushe in ya ji agogo mai rikitarwa zai ɗauka ya lalace ne, ko kuwa ba a gane lokacinsa. "Sarƙaƙiya" ta fi ta kusa, don cikin agogon a sarƙe yake, amma ba ta ƙirguwa, alhali masu tara agogo ƙirga abin suke yi ɗaya bayan ɗaya.

Ƙirgar nan ita ce rabin tarihin kamfanin Patek Philippe. Antoni Patek, ɗan Polan, ya kafa shi a Geneva a 1839 tare da Franciszek Czapek. A 1845 Bafaranshe Adrien Philippe ya shigo, wanda ya yi suna da dabarar yi wa agogo wani ba tare da makulli ba. Tun 1932 kamfanin yana hannun iyalin Stern. A 1933 suka miƙa wa Henry Graves, wani attajirin banki a New York, agogon aljihu na zinariya mai fuska biyu da irin wannan abu har 24, ciki da lokacin fitowar rana da faɗuwarta, da taswirar taurarin saman New York. An yi gwanjonsa a Sotheby's a 1999 kan dala miliyan 11, aka sake a 2014 kan kimanin miliyan 24. A 1989, da kamfanin ya cika shekara 150, ya fito da Calibre 89 mai 33. Yanzu gwada cewa "agogo mai sarƙaƙiya 33". Baki ma ba ya karɓa.

Wani ya ce "ado". A'a, ado kallo ne kawai, waɗannan kuwa motsi suke yi. "Gwaninta" ta ja hankalina, domin ita mai saye ke biya. Sai dai ɗan tagar kwanan wata da ke jikin agogon kowa shi ma yana cikin lissafi, kuma kiransa gwaninta ya yi masa yawa.

Abin da na tsaya a kai shi ne "ƙarin aiki". Na san za a ce kalma ce mara armashi, amma ku saurari yadda "aiki" ke da fuska biyu a bakinmu. Akwai aikin da abu yake yi. Akwai kuma aiki irin na babbar riga: in an ce riga ta sha aiki, ana nufin maɗinki ya zauna da allura wata da watanni, kuma kuɗinta da yawan aikinta yake tafiya. Duka biyun suna cikin agogon Graves. Yana yin abu 24 bayan nuna lokaci, kuma kowane ɗaya hannun mutum ne ya goge shi ya daidaita shi. Shi ya sa masu kuɗi ke ribibinsa, ba don sun rasa inda za su duba lokaci ba.

Akwai inda kalmarmu ta fi tasu ma. Masu agogo suna gardama a kan tourbillon, ɗan kejin nan mai juyawa da Abraham-Louis Breguet ya yi wa rajista a 1801 don rage yadda nauyin ƙasa ke karkatar da tafiyar agogon aljihu. Wasu sun ce bai cancanci sunan ba tunda babu wani sabon abu da yake nunawa. A Hausa gardamar ba ta taso ba: bai ƙara abin da agogo ke faɗa ba, amma ya ƙara aiki, kuma aiki mai wuya.

Sai mu riƙa rubutawa haka: Grandmaster Chime na Patek Philippe, mai ƙarin aiki 20, an sayar da na ƙarfensa a gwanjon Only Watch na 2019 kan faran miliyan 31 na Suwizalan. Wanda suka haɗa masa manya-manya da yawa, wanda suke kira "grande complication", mu ce masa agogo mai babban aiki.

Saura masu gyaran agogo na Kano da Zariya da Damagaram. In akwai sunan da kuke kiran wannan abu da shi a kan teburinku, ku kawo, naku ne zai yi gaba da nawa.